Tambayi Hajiya: Ƙanwata tana zabura in ta ji an kashe moto a ƙofar gida

TAMBAYA

Hajiya, ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya ke da iyali. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da aka aurar tana da shekara 15 a wani ƙauye ta wajen Illela. Shekara tara ta yi a gidan. Mijin ɗan tafiya Abijan ne, sai gab da damina yake dawowa, kuma duk dawowarsa da duka take zuwa. Bara ya karya mata hannu, sannan ne Baba ya je wurin hakimi aka raba auren.

Yau wata goma sha ɗaya tana gida. Hannu ya ɗoru, amma ita ba ta dawo daidai ba. Ba ta barci sai gab da asuba, in ta yi kuma da ihu take farkawa. In ta ji an kashe moto a ƙofar gida, duk abin da ke hannunta sai ta sake shi. Ranar nan tukunyar miya ce. Kullum ciwon kai, ciwon ciki, ta ce wani abu ya tokare mata ƙirji. An yi awo a gidan likita, ba a ga komai ba.

Inna ta ce iska ce. An kai ta wurin malamai biyu, an yi rukiyya, an sha rubutu, kuɗi ya tasam ma jika 60. Ni kuma na kai ta wurin wani sikolog, wato masanin halayyar ɗan Adam, da wata ƙungiya ta kawo garin nan. Da Faransanci ya yi magana, wani saurayi ɗan unguwarmu yana fassarawa. Ya ce ta ɗago kai ta dube shi, ta ba shi labarin komai tun daga farko. Ta sunkuyar da kai har muka tashi. Da muka fito ta ce, "Yaya, gara in mutu da in koma wurin nan." Inna ta ce na tona mana asiri a banza. Yanzu kuma dangin mijin sun fara aiko da biko. Hajiya, tsakanina da Inna wa ke da gaskiya?

Wani ɗanki daga Tawa

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa ƴar'uwarka. Amma tambayar da ka rufe wasiƙarka da ita ba zan amsa ta yadda kake so ba. Kai ka kama hannu ɗaya kana ja zuwa ofis, Inna ta kama ɗayan tana ja zuwa zauren malam, kuma na karanta wasiƙar sau biyu ban ga inda wani ya tambayi mai hannuwan ina take so ta nufa ba. Shekara tara wani yana yanke mata yaushe za ta ci, yaushe za ta fita, yaushe za ta yi kuka. Duk maganin da za a sake kai ta gare shi a ja, ko na Nasara ne ko na allo, jikinta zai ɗauke shi a matsayin ci gaban wancan gidan.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Na farko biko: a dakatar da shi. Ka sami Baba ku biyu, ka ce masa mara lafiya ba a yi mata maganar komawa ɗaki, kuma kada ɗan aike ya sake shigowa inda za ta ji muryarsa. Na biyu, kalmar nan "gara in mutu". Wataƙila zafin rai ne kawai, amma kada ka yi caca da ita. A sami wadda ta fi sakewa da ita ta tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin halaka kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka tambaya. In ta ce e, ko ta yi shirun da bai kwanta muku ba, a ɗauke maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada a bar ta ta kwana ita kaɗai, a kai ta asibiti ranar.

To, mu zo kan ciwon. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin ungozoma, a Tawa na fara, a Yamai na yi ritaya, kuma abin da ka zayyana na gan shi har na gaji da ƙirge. Ba hauka ba ne. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Shekara tara ƙarar moto in ta mutu a ƙofar gida, abin da ke biyo baya duka ne. Jikinta ya haddace wannan karatu fiye da yadda ɗalibanka ke haddace naka. Kafin hankalinta ya ce "ai Yaya ne", zuciya ta riga ta buga, hannu ya riga ya saki tukunya. Kuma jikin da ke gadi dare da rana dole ya yi ciwon kai, dole ciki ya murɗa. Likitocin Amurka sai a 1980 suka sa wa wannan ciwo suna a kundinsu, bayan da suka ga halin da sojojinsu suka dawo da shi daga yaƙin Biyetnam. Mu kuwa muna da sunayensa tun kaka da kakanni: firgita, faɗuwar gaba, tsinkewar zuciya. Mace ba za ta zo ta ce maka ranta ne ke ciwo ba. Cewa za ta yi, "Kaina ya ɗau zafi," ko "Wani abu na min tafiya a jiki."

Ni kaina na daɗe ban gane ba. Akwai wata yarinya da ta zo mini sau bakwai da ciwon mara. Sau bakwai ina duba ta, in rubuta mata ƙwaya, in ce ta yi haƙuri. Wata tsohuwa mai sharar ɗakin haihuwa ce ta ja ta bayan ɗaki da la'asar, ta ajiye faifan zogale a tsakaninsu, ta ce ta taya ta tsinka. Ba ta tambaye ta komai ba. Kafaɗa da kafaɗa suka zauna, idon kowa a kan ganye. Rana ta biyu yarinyar ta ce, "Iya, akwai wata ƙawata da ƙanin mijinta ke shigar mata ɗaki." Tsohuwar ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Allah sarki. Ita ƙawar taki, wa ta faɗa wa?" A bakin ƙawar nan aka yi duk maganar har ƙarshe, ba wanda ya ce "ai ke ce". Ni mai difloma ban taɓa jin kunyar aikina kamar ranar ba.

Ka gwada wannan da abin da aka yi wa ƙanwarka. Ban ce ilimin mutumin ƙarya ne ba. Tsarin zaman ne ya ɓaci. Ƴar Adar da aka yi wa tarbiyya kada ta haɗa ido da babba, aka ce ta kafe baƙon namiji da ido. Aka ce ta kwance abin da ya faru a ɗakin aurenta, yayanta na zaune, ɗan unguwarsu na juya maganar, yaron da gobe za ta gamu da shi a bakin famfo. Ko ni ce, shiru zan yi. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a nan Nijar, amma masu wannan aiki da Faransanci suka yi karatu, kuma da yawansu ba su taɓa zama sun nemi yadda ake faɗin abin da suka koya da harshen gida ba. Batun a ce ta zazzage komai ranar farko kuwa, ko a littafinsu ba haka yake ba. Jagorar taimakon farko da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2011 ta hana a matsa wa mutum ya ba da labarinsa.

Akwai wani aiki da aka yi a gabashin Kwango wanda nake so ka sani, don kada ka yanke ƙauna daga maganin zama da magana. Mata 405 ne da aka yi wa fyaɗe, ko aka yi shi a gabansu, a ƙauyukan da yaƙi ya ɗaiɗaita, da yawansu ba su iya karatu ba. Masu binciken suka ɗauko wata hanyar jinya da aka ƙirƙira a Amurka, suka gyara ta. Suka cire rubutu, aikin gida ya koma na baki. Suka cire sharaɗin a ba da labarin abin da ya faru dalla-dalla. Masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne, matan yankin ne da aka horar, da harshen wurin. Zama ɗaya mace ita kaɗai, sannan zama 11 cikin rukunin ƴan'uwanta mata. Sakamakon ya fito a 2013: wata shida bayan an gama, 9 cikin 100 ne kawai suka rage da alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda aka bi da su ta tallafin da aka saba, 42 cikin 100 ne. Ka ga ba a zubar da ilimin ba, ba a kuma tilasta wa matan su zama Turawa kafin su warke ba. A Harare ta Zimbabuwe kakanni mata aka horar, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu ciwon da suke kira yawan tunani. A Dakar ma, a asibitin Fann, tun da daɗewa aka tsara mara lafiya ya kwanta da ɗan'uwa mai jinya, a riƙa taron unguwa cikin asibiti. Tsohuwata mai shara ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Me ake yi a irin wannan zama, in ba a tona labari ba? Ƙullin da ke cikin zuciya ake kwancewa. Kusan duk matar da aka daka tana ɗauke da wata magana da take maimaita wa kanta, kuma na rantse ƙanwarka tana da tata. "Da na iya bakina da bai buge ni ba." "Ni ce na kashe aurena." "Na zama kaya a gidanmu." In ka ce mata ba haka ba ne, za ta ce to, ta ci gaba da abinta. Mai aikin da ta ƙware tambaya take yi. "Ranar da kika yi shiru, ya ƙyale ki?" Sai ta yi jim, ta ce a'a, ranar ma cewa ya yi ta raina shi. "In ƙanwarki ce aka karya wa hannu, laifin wa za ki ce?" Da bakinta za ta ba da amsa, kuma amsar da mutum ya ba kansa ita ke zama. Wannan yana ɗaukar makonni, zama ɗaya a mako, kuma wani lokaci ciwon kan ɗan motsa kafin ya lafa. Ranar da ta so ta ba da labarin da kanta, sai a saurara. Yana da amfani in ita ta buɗe ƙofar.

Batun moto kuwa, da shi za ka iya farawa yau, tunda na fahimci kai ma kana da ita. Ka faɗa mata shirinka tukuna, ka nemi yardarta. Ka riƙa kashe moton tun daga bakin layi, ka turo ta, ka yi sallama da ƙarfi ka kira sunanta kafin ka shigo. Ka roƙi masu zuwa gidan su yi haka. Bayan ta sami ƴan kwanaki na natsuwa, sai ka ce mata, "Zan tayar da moton a tsakar gida, ke za ki ce mini in kashe." Ta tsaya inda take so, ta riƙe casbi, ta ja numfashi ta hanci a hankali, ta sake shi a tsawon tasbihi uku ko huɗu, har bugun zuciya ya sauka. In ta ce ya isa, ya isa, ko minti ɗaya ne. Rana ta gaba a ƙara kaɗan. Wata da na sani a ƙarshe ita da kanta ta murɗa makullin. Kada dai ka yi mata ba-zata da sunan gwaji, za ka rushe duk abin da aka gina.

Yanzu Inna. Kada ka yi gardamar aljanu da ita, ba za ka ci ba, kuma ba ka bukatar ci. Addu'a da karatun Alƙur'ani ga mai imani natsuwa ne na gaske, kuma in ƙanwarka tana jin sanyi da su, a ci gaba. Inda nake ja layi shi ne nan: malamin da ke duka da sunan fitar da iska, ko turara barkono, ko ɗaure mara lafiya, ko ya ce a bar shi da ita su biyu a ɗaki, ko kullum da sabon abin da za a saya. Ka yi tunanin mace da duka ya haukata wa jiki, a kai ta inda za a daka mata tsawa a tsula mata bulala. Ka tambaye ta ita, ba Inna ba, yadda aka yi a wurin malaman nan biyu, da wanda za ta yarda ta koma wurinsa.

Ka kuma tausaya wa tsohuwar. Binciken 2012 ya nuna a ƙasar nan 76 cikin 100 na ƴanmata kafin su cika 18 aka aurar da su, 28 cikin 100 kafin 15. Ban san Innarka ba, amma zai yi wuya a ce ba ta cikin lissafin. Haƙurin da take ba ƴarta shi aka ba ta, ba ta da wani a rumbu. Kuma in ta ce iska ce, tana kare ƴarta ne daga kalmar "mahaukaciya", wadda in ta manne wa mace a gari, har ƴaƴanta sai ta bi. Rufin asirin da take nema haƙƙi ne, kai ma ka yarda an keta shi a ofishin nan, ka ba ta haƙuri a kai. Amma asirin ƙanwarka ake rufawa, ba na wanda ya karya ta ba. In ta ce kai ƙara ba halinmu ba ne, ka sa wani malami da take girmamawa ya karanta mata farkon Suratul Mujadala, inda Khaula ƴar Sa'alaba ta kai kukan mijinta wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Allah ya ce ya ji maganarta. Da aya ta 148 a Suratun Nisa'i, wadda ta ba wanda aka zalunta damar faɗin abin da aka yi masa. Annabi Yakubu ma ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba. Daga bakin malam za ta karɓa. Daga bakinka cewa za ta yi boko ne.

Inda za a je: ka tambaya a babban asibitin jiha da cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Tawa wa ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ka kuma leƙa ofishin jiha mai kula da mata da yara. Ka je kai kaɗai tukuna, ka sa sharuɗɗa: mace, mai jin Hausa, ba tafinta, in kuwa dole ne to ba ɗan unguwa ba, kuma kai kana waje. Ka tambayi zama nawa za a yi, da wa zai ga abin da aka rubuta. Wadda ta ji haushin tambayoyin nan ba ita ba ce. Sannan ka dawo ka shimfiɗa wa ƙanwarka abin da ka samo, ta zaɓa, har da zaɓin ta ce ba yanzu ba. Ba sai an yi tafiyar kilomita sama da 500 zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai ba, sai in ta fara jin muryoyi, ko ta daina ci, ko maganar mutuwa ta yi ƙarfi. Idan likita ya ga tana bukatar ƙwayar rage baƙin ciki, ba abin kunya ba ne, amma shi zai rubuta, shi zai bi sawu.

Ba ka ce komai game da ƴaƴa ba. In akwai wanda aka bari a gidan uban, ka rubuto mini, don mai yiwuwa rabin rashin barcin nan can yake.

TAMBAYA

Hajiya, ni direba ne a Yamai. Mako uku ke nan da ƴan bindiga suka buɗe wa motarmu wuta a hanya, yaron motata ya rasu a gefena. Tun ranar in na rufe ido shi nake gani. Da rana tramol nake sha in iya tuƙi, da dare ƙwayar barci ta masu talla. A fada abokai sun ce ni namiji ne, in manta. Ko na fara zarewa ne?

Wani direba daga Yamai

AMSA

Allah ya jiƙan yaronka, ya ba ka haƙurin rashinsa. Ba ka zare ba, ɗana. A makonnin farko bayan irin wannan abu mutane da yawa haka suke, kuma galibinsu yana lafa musu da kansa. Ƙwayoyin nan ne suka fi tayar mini da hankali. A 2013 OMS ta ce kada a ba mutum ƙwayoyin barci dangin diyazefam don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa: ba sa warkarwa, jiki kuma yana sabawa da su. Haɗa su da tramol na iya danne numfashi cikin barci, tramol da yawa kuma na kawo farfaɗiya, ga ka da fasinjoji a baya. Ka ajiye makulli na ɗan lokaci, ka kwashi kwalayen ka kai wa majo, wato babban ma'aikacin jinya, a gidan likita, ka faɗa masa nawa kake sha a rana, shi zai tsara yadda za ka rage. Kada ka yanke lokaci ɗaya. A cikin ƴan fadar taku ka ware mutum ɗaya, wanda ba ya yawan dariya, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. In ba ka je ta'aziyya gidan su yaron ba, ka je, shi ya raka ka. Idan wata ɗaya ya wuce hoton bai rage zuwa ba, ko ka kasa kusantar tasha, ka koma wurin majon ka ce ya tura ka ga mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.